Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Ma'aikatan Jinya Da Batun Shawara A Asibiti

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a babban taron ƙungiya, ta bakin ɗaya daga cikin dattawan kwamitin, game da tsarin tafiyar da ƙaramin asibitin da ake shirin buɗewa a Sabo.



Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, wakilan Sarkin Hausawa, shugabannin 'yan kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune daga can baya, matasa da sauran jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da aka ba kwamitin lafiya wannan dama.

Kamar yadda kowa ya sani, maganar ƙaramin asibitin da ƙungiyarmu ke son buɗewa a nan unguwa ta yi nisa. An sami wuri, an tara abin da aka tara, saura a tsara yadda za a tafiyar da shi. Takardar farko da aka rarraba ta ce kwamitin gudanarwa zai ƙunshi waɗanda suka ba da gudummawa mai tsoka, da malamai biyu, da ma'aji, da likitan da zai riƙa leƙowa. Mun duba takardar nan sama da ƙasa, ba mu ga an ambaci ma'aikatan jinya ba sai a wuri ɗaya, wato wurin lissafin albashi. A kan wannan ne muka roƙi a ba mu lokaci mu yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a.

Mu dai ba likitoci ba ne. Yawancinmu 'yan goro ne da 'yan shanu da 'yan canji. Amma mun zauna da 'ya'yanmu da suka karanta aikin jinya, da wasu tsofaffin ma'aikata maƙwabtanmu da suka yi ritaya, suka karanto mana abubuwa, suka fassara mana, muka yi ta tambaya har sai da muka gane. Abin da muka fahimta shi muka kawo muku.

Bari mu fara da tambayar da kowa a nan zai iya amsawa. Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibiti, ya kwana a baranda bisa tabarma yana korar sauro, wa yake gani da tsakar dare? Likita yana zagayawa da safe, ya tsaya a bakin gado minti biyar ko goma, ya rubuta abin da zai rubuta ya wuce, domin wasu da yawa na jiransa. Ba laifinsa ba ne, haka aikin yake. Wadda take nan safe da yamma da dare ita ce nas. Ita ke auna zafin jiki da hawan jini, ita ke lura cewa fitsari ya ragu, ko numfashi ya sake, ko mai jegon nan jinin da take zubarwa ya wuce ƙa'ida. Ita ta san famfon da ba ya kawo ruwa, ta san tocilan ɗaya ce a ɗakin in wuta ta ɗauke, ta san ranar da safar hannu ke ƙarewa kafin a buɗe sito. Amma in an zo zaman shawara kan mutum nawa za a ajiye aikin dare, ko wane irin kaya za a sayo, a asibitoci da yawa ba a tambayarta. Takarda kawai za ta gani an manna a allo.

Mu 'yan goro ai mun san irin wannan. Maigida shi ne da kuɗi, shi ne da suna, wurinsa baƙi ke sauka. Amma yaron da ke kwance huhu yana tsince mai sankara, yana sake ganye, yana yayyafa ruwa, shi ya san wane kaya ne zai kai Kano lafiya, wane ne kuma in bai fita makon nan ba an yi asara. Maigidan da ya ce yaro ba shi da ta cewa, kowa ya san yadda kasuwancinsa ke ƙarewa. To can goro ne ke lalacewa, a asibiti kuwa rai ne.

Wannan magana ta a ba ma'aikatan jinya hannu a mulkin aikinsu, a Amurka aka fara yin ta da gaske, kuma wahala ce ta kawo ta. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 asibitocin ƙasar sun shiga ƙarancin ma'aikatan jinya. A ɗauki mutum yau, shekara ta zagayo ya ajiye aiki. Sai wata cibiya ta manyan masana aikin jinya ta ƙasar ta lura cewa akwai wasu asibitoci da wannan matsala ba ta dame su ba, alhali kuwa a gari ɗaya suke da waɗanda ake gudu. Ta naɗa mata huɗu, Margaret McClure na jagorantarsu, su bincika dalili. Suka tace asibitoci sama da 150, suka fitar da 41, suka zauna da shugabannin jinya da kuma ƙananan ma'aikata suka ji ta bakinsu. A shekarar 1983 rahoton ya fito. Suka sa wa waɗannan wurare suna asibitocin maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, saboda suna jawo ma'aikaci kuma su riƙe shi.

Mene ne asirinsu? Albashi yana ciki, ba wanda ya ce ba ya ciki. Sai dai abin da ma'aikatan suka fi nanatawa shi ne ana jin maganarsu. Shugabar jinya tana zama teburi ɗaya da manyan masu gudanar da asibiti, kuma tana shigowa ɗakunan majinyata a gan ta, a yi mata magana. Kowane sashe yana da ikon tsara wasu al'amuransa ba sai an jira izini daga sama ba. Ana shawara da su wajen tsara lokutan aiki, likita yana ɗaukar maganar nas da daraja, ana kuma ba su damar ƙaro ilmi.

A daidai wannan lokaci wani ma'aikacin jinya, namiji, mai suna Tim Porter-O'Grady, wanda ya shugabanci aikin jinya a wani asibiti a birnin Atlanta, shi da abokiyar aikinsa Sharon Finnigan suka fitar da littafi a 1984, suka mayar da abin tsari wanda wani asibiti zai iya ɗauka ya yi aiki da shi. Ga yadda yake tafiya. A kowane ɗakin kwanciya, ma'aikatan jinya su zaɓi 'yan majalisa daga cikinsu, daga masu aiki a bakin gado. Shugaban majalisar ma daga cikinsu yake fitowa. Sistar da ke kula da ɗakin tana zama tare da su, amma ba ita ke riƙe da kujera ba. Nata shi ne ta faɗi iyakar abin da kuɗi da doka suka yarda, ta kuma nemo musu kayan aiki. Sa'an nan a matakin asibiti gaba ɗaya akwai wasu majalisu: wadda ke rubuta ƙa'idojin aikin jinya, wadda ke duba inganci da ƙidayar kurakurai, wadda ke kula da horo da ƙarin ilmi. Shugabannin waɗannan su haɗu da shugabar jinya a majalisa guda da ke ɗinke su.

Amma jama'a, ƙashin bayan tsarin ba yawan majalisu ba ne. Rabon iko ne a rubuce. Abin da ya shafi yadda ake jinya, na masu jinya ne, kuma in sun yanke ya zauna, ba a ce shawara ce da shugaba zai ɗauka in ya ga dama ba. Abin da ya shafi kuɗi da gini da ɗaukar ma'aikata, na masu gudanarwa ne. Abin da ya shafi gano cuta da rubuta magani, na likita ne. A ganin Porter-O'Grady, kusan kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen yau da kullum a wurin da ake aikin ya kamata a yanke su. Kuma wanda ya yanke, shi zai amsa tambaya in abin bai yi ba.

Alal misali, a ɗauki gyambon kwanciya, wanda ke fitowa a baya ko ƙugun tsohon da ya daɗe a gado ba a juya shi. Kowace nas ta san ƙa'ida ita ce a riƙa juya irin wannan majinyaci kamar duk bayan awa biyu. A asibitin da komai daga sama yake saukowa, in gyambo ya yi yawa sai a rubuto takardar faɗa, kowa ya sa hannu ya gani, shi ke nan. A inda ake da majalisa kuwa, su da kansu za su ƙirga mutum nawa suka kamu a watan nan, su duba a wane lokaci ake sakaci. In suka gano da dare ne, domin mutum biyu ne kan ɗaki cike da gadaje, su za su sake tsarin juyin, su nuna wa 'yan'uwan majinyaci yadda za su taimaka, su kai wa masu gudanarwa ƙidayar a rubuce su ce ga abin da ƙarancin hannu ya jawo. Wata mai zuwa su sake ƙirgawa. In bai ragu ba, ba su da wanda za su nuna wa yatsa.

Wani zai ce wannan ai jin daɗin ma'aikata ne, ina ruwan majinyaci? To akwai wata malama a Jami'ar Pennsylvania, Linda Aiken, ita ma asalinta nas ce, da ta bi abin da lissafi. A 1994 ita da abokan aikinta suka ɗauki 39 daga cikin asibitocin maganaɗisun nan, suka gwada su da wasu 195 masu kama da su ta fuskar girma da kayan aiki, suka duba mutuwar tsofaffin da gwamnati ke biya wa kuɗin magani. Suka tarar mutuwa ta fi ƙaranci a na maganaɗisu da kusan kashi 5 cikin 100. Wato inda mutum 100 za su mutu a can, a nan kimanin 95 ne. Ga ɗan kasuwa biyar cikin ɗari ba wani abu ba ne, amma ku tuna waɗannan biyar ɗin iyayen wasu ne. A 2002 kuma ta duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania, ta tarar duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Wa ya fi sanin cewa kaya sun yi wa nas yawa? Ita da ke ɗauke da su. In ba ta da wurin faɗa, sai dai a gani a gawa.

Daga baya suka mayar da sunan maganaɗisun nan takardar shaida da asibiti ke nema, a zo a bincika shi, in ya cancanta a ba shi na shekara huɗu. Asibitin Jami'ar Washington ne ya fara samu a 1994. Abin ya wuce Amurka, domin asibitin Sarki Faisal na Saudiyya, na Riyad da na Jidda, duk sun samu.

Ɗaya ɓangaren kuma, wato abin da ke faruwa in an toshe bakin ma'aikata, Ingila ta gan shi a asibitin garin Stafford tsakanin 2005 da 2009. Masu gudanarwa suka sa ido kan daidaita lissafin kuɗi da cika alƙaluman da gwamnati ke nema, suka rage ma'aikatan jinya. Aka riƙa barin tsofaffi cikin ƙazantarsu, wasu da ƙishirwa, wasu a ajiye musu abinci inda hannunsu ba ya kaiwa. Wata nas a sashen gaggawa, Helene Donnelly, ta yi ta rubuta ƙorafi, har ta bayyana cewa ana matsa musu su gyara lokutan da majinyata suka yi jira domin takarda ta yi kyau. Abin da ta samu shi ne tsangwama, har daga wasu abokan aikinta. Sai da dangin waɗanda suka rasu suka tashi tsaye aka yi babban bincike a ƙarƙashin lauya Robert Francis, wanda rahotonsa ya fito a watan Fabrairu na 2013 da shawarwari 290. Wasu ma'aikatan jinyar ma an same su da laifi an ƙwace musu lasin. Kun ga dai, ƙasa ce mai kuɗi, wuta ba ta ɗaukewa, magani yana nan, amma da tsoro ya hana na ƙasa magana, na sama kuma ya ƙi saurare, abin da ya biyo baya ke nan.

Kada kuma a ce mun zo muna tallar kaya ba mu faɗi aibinsa ba. A Amurkar kanta, cikin shekarun 1990 da aka shiga tsuke bakin aljihu a asibitoci, majalisu da yawa sun mutu. Wasu kuma suna nan da suna kawai: a taru a sha shayi, a rubuta bayanin taro, a aika sama, shiru. Nas da ta kwana tana aiki, a ce ta tsaya taro da safe ba a biya ta lokacinta ba, sau biyu za ta zo ta daina. Haka nan in aka ba majalisa ikon zaɓen launin labule amma aka hana ta taɓa maganar yawan ma'aikata, kowa zai gane wasa ake. Irin wannan ya fi rashin majalisar muni, domin yana koya wa ma'aikaci cewa ko an tambaye shi ba da gaske ake ba.

To mu dawo gida Nijeriya. Mu da ke Sabo, wadda aka kafa tun 1916, muna maƙwabtaka da asibitin koyarwa na UCH da aka buɗe a 1957, kuma tarihin aikin jinya a ƙasar nan ya ratsa ta ƙofarmu. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, ta yi karatun jinya a asibitin St Thomas na Landan, ta dawo gida a 1954 lokacin da manyan muƙaman jinya suke hannun Turawa. A 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a UCH, daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta tarayya, ta kuma riƙe kwamishinar lafiya ta jihar Legas daga 1973 zuwa 1975. A 1965 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digiri na aikin jinya. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa an kafa ta a 1977, hukumar da ke ba su lasin kuma an haɗe ta wuri guda a 1979. Wato ilmi da tsari ba su ne suka yi mana ƙaranci ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin iko. Dokar asibitocin koyarwa ta 1985 ta sa shugaban asibiti sai likita, kuma tun daga nan ake ta ja-in-ja tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, yajin aiki ya bi yajin aiki, mu masu majinyata a tsakiya. A watan Fabrairu na 2024 hukumar lasin ta fitar da sababbin sharuɗɗa ga masu neman a tantance takardunsu don aiki a waje, ciki har da sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki bayan gama karatu. Ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. A lokacin ne magatakardan hukumar ya faɗa cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Abin da maƙwabtanmu Yarbawa ke kira japa ke nan. A ƙarshen watan Yuli na 2025 kuma ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, aka janye bayan 'yan kwanaki. Ku duba buƙatunsu: akwai alawus, akwai ƙarin ma'aikata, amma akwai kuma neman a ba aikin jinya sashe nasa na kansa a ma'aikatar lafiya ta tarayya. Wannan ta ƙarshe ba ta kuɗi ba ce, neman kujera ce a inda ake yanke hukunci.

Dokar tarayya ba mu za mu gyara ta ba. Farashin fam na Ingila ma ba mu za mu yi gasa da shi ba, ko mun sayar da shanun kara duka. Nas ɗin da za mu ɗauka, in kuɗi kaɗai ne zai riƙe ta, ba za ta shekara da mu ba. Abin da muke da shi da za mu ba ta, wanda bai fi ƙarfinmu ba, shi ne a mutunta iliminta a bar ta ta tsara aikinta.

A nan ne za mu ɗan taɓa kanmu, a yi mana haƙuri. Mun san halinmu. Ranar da aka buɗe asibitin nan, Alhaji wane da ya ba da buhun siminti ɗari zai aiko da yaronsa ya ce a fara duba iyalinsa, ga kuwa wata can a layi yaronta na suma. Mai haihuwa ɗaya, mata goma sha biyar za su cika ɗaki da kwanukan abinci. Wata za ta shigo da jiƙo a gora ta ɗura wa majinyaci ba tare da an sani ba, alhali an sa masa ƙarin ruwa da magani. Mafi tsanani, nas za ta ga naƙuda ta ƙi ci gaba, ta ce a ɗauki matar nan yanzu-yanzu a kai babban asibiti, a ce maigida ya tafi Shagamu sayen goro, a jira ya dawo, ko a jira waya ta shiga. Wace nas ce za ta iya tsayawa ta ce a'a, in ta san wanda take wa musu shi ne zai zauna gobe a kwamiti ya yanke ko za a ci gaba da biyanta? Ba za ta iya ba. Za ta yi shiru, in abin ya lalace kuma ita za mu fara zagi.

Akwai kuma maganar kunya. 'Yarmu da muka haifa a unguwar nan, muka biya mata makaranta ta zama nas, ku zaunar da ita tsakiyar iyayenta maza ku ce ta faɗi ra'ayinta. Za ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda kuka yi daidai ne, Baba. Tarbiyyar da muka ba ta ke nan, kuma ba mu ce a bar ta ba. Amma saboda haka kujera ɗaya a kwamiti ba ta isa ba. Dole su sami zama nasu su kaɗai, su tattauna, su rubuta abin da suka yanke, a karanto shi a matsayin maganar majalisa. Takarda ba ta jin kunyar kowa. Waɗanda za mu ɗauka kuma ba duka 'ya'yanmu ba ne. Za a sami Bayarabiya, za a sami 'yar ƙabilar Ibo, wata ma ba addininmu ɗaya ba. Muryarta a kan aikinta daidai take da ta 'yarmu.

Iyayenmu mata sun kawo mana wata magana mai nauyi da muka zauna da su. Suka ce, ku da kuke neman a ƙara wa nas-nas iko, kun taɓa shiga ɗakin haihuwa kun ji yadda wasunsu ke daka wa mace tsawa, musamman in ba ta jin Yarbanci ko Turanci? Gaskiya suka faɗa, ba ma musu. Amsarmu ita ce, tsarin nan da muke kawowa shi ne ya fi kama mai irin wannan hali. In ƙa'idar yadda ake karɓar majinyaci su suka rubuta ta da hannunsu, wadda ta karya ta abokan aikinta ne za su fara tuhumarta, kuma sun fi mu sanin ko aiki ne ya yi mata yawa ko hali ne. Duk da haka ba za mu bar su su kaɗai ba. Muna so mata biyu daga unguwa su zama wurin kai ƙorafi, kowane ƙorafi a rubuta shi, majalisar jinya ta ba da amsa cikin wata.

Saboda haka ga gyaran da muke roƙon a yi wa takardar. A sa shugabar ma'aikatan jinya cikin kwamitin gudanarwa da cikakkiyar ƙuri'a, tare da mutum na biyu da ma'aikatan suka zaɓa da kansu, a riƙa sake shi duk shekara. Ko su huɗu ne ko biyar, a ba su zamansu na wata-wata a cikin lokacin aiki, kada a ce sai sun tashi. A rubuta ƙarara cewa jadawalin aiki, da wanda za a fara dubawa, da ƙa'idar tsabta, da lokacin ziyara da yawan masu shiga, da jerin kayan aikin da za a sayo cikin kuɗin da aka ware, duk hukuncinsu ne, ɗan kwamiti ba shi da ikon sokewa shi kaɗai. In nas ko ungozoma ta ce a wuce da majinyaci babban asibiti, a wuce da shi. Domin wannan muna so kowane magidanci ya sa hannu tun ranar da iyalinsa ta fara zuwa awon ciki cewa ya yarda, yana gari ko ba ya gari, a kuma ajiye kuɗin mota a hannun mai aikin dare.

Su kuma nasu nauyin: duk wata su kawo wa kwamiti a rubuce mutum nawa aka duba, haihuwa nawa, nawa aka tura gaba, wane magani ya yanke, wane kuskure aka yi da abin da aka yi a kansa. Kuskuren da mutum ya kawo da kansa a gyara shi ba tare da wulaƙanci ba, wanda aka ɓoye shi ne abin hukunci. Rubuta magani da gano cuta suna nan a hannun likita kamar yadda doka ta ce, kuɗi kuma a hannun ma'aji da kwamiti.

Abu na ƙarshe, an ce mana za a rage kuɗi in aka ɗauki yaran nan da ke koyon allura a ƙananan asibitoci a sa musu farin kaya. Hukumar lasin ba ta san da su a matsayin nas ba, kuma ikon da muka lissafa ba za a ɗora shi a kan wanda bai yi karatun ba. Duk wadda za a ɗauka ta kawo lasin ɗinta a gani, a kuma tabbatar da shi daga hukumar kafin ta fara aiki. In kuɗinmu na ma'aikata uku masu lasin ne, to a buɗe da uku, a rage awoyin aiki, kada a ce za a kwana ana karɓar haihuwa sai ranar da muka iya biyan mai aikin dare su biyu.

Mun miƙa wa sakatare wannan gyara a rubuce, Hausa da Turanci, muna roƙon shugaba ya sa a karanta shi sakin layi bayan sakin layi kafin a ɗaga hannu.